Rumbun Funfuna na Holan da Gidan Waya

Kafin ƙarni na 20, mai nazarin laimar kwaɗi da funfuna yakan busar da abin da ya tsinto, ya zana shi, ya aika wa abokan aikinsa. Busasshen samfuri kuwa ba ya tsirowa, don haka masana biyu sukan yi ta gardama ba su da tabbacin ko halitta ɗaya suke magana a kai.

A 1904 wata ƙungiyar masana tsirrai ta duniya ta kafa rumbun rayayyun samfura a Holan, wanda aka sani da CBS. A 1907 aka damƙa shi ga Johanna Westerdijk, tana da shekara 24, da samfura kusan 80 kacal. Ta mayar da shi garin Baarn a 1920, kuma lokacin da ta sauka a 1958 samfuran sun kai kimanin 11,000.

Aikin na haƙuri ne. Ana zuba abincin agar a siririyar kwalba, a jingine ta ya daskare a karkace, a toshe baki da auduga don iska ta shiga amma ƙura ta tsaya. Bayan 'yan watanni abinci ya ƙare, sai ma'aikaciya ta gasa waya a harshen wuta, ta bar ta ta huce, ta ɗebo ɗan zare ta dasa a sabuwar kwalba. Idan wasiƙar neman iri ta iso, a dasa, a jira ya kama, a rubuta suna da lamba, a naɗe da kyau a kai gidan waya. Ta haka masani a Japan da takwaransa a Amurka suka iya gwaji a kan halitta guda.

Amfanin wannan ya fito fili a Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin da Jamus ke mamaye da Holan, wani kamfanin yisti a Delft ya karɓi nau'o'in funfunar Penicillium daga Baarn, ya haɗa penisilin a asirce, ya laƙaba masa suna Bacinol don kada 'yan mamaya su farga.

Yau rumbun yana Utrecht, tun 2017 yana ɗauke da sunan Westerdijk, da samfura sama da 100,000. Akan aika ƙwayoyin irin a bushe amma da ransu cikin liƙaƙƙen gilashi, tare da takardar izinin shiga ƙasa idan ana buƙatarta. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta kuma bai wa ƙasar da aka ɗebo samfurin haƙƙi a amfanin da aka samu daga gare shi.