Croix-Rouge ta Nijar da ƴan agajinta

Croix-Rouge ta Nijar ƙungiyar agaji ce da aka kafa a 1963. Cibiyarta tana Yamai, tana kuma da rassa a jihohi takwas na ƙasar. Tushen aikin ya samo asali daga yaƙin Solferino na 1859 a Italiya, inda Henry Dunant, ɗan ƙasar Suwis, ya tara mutanen gari suka yi jinyar sojojin da suka jikkata, ba tare da tambayar ɓangaren kowa ba.

Ƙarfinta yana hannun ƴan agajin sa-kai, akasarinsu matasan unguwa da aka koya wa taimakon gaggawa. Ba albashi suke ɗauka ba, sai ɗan kuɗin guzuri idan aiki ya taso. Su ke ɗaukar masu rauni, su raba tabarmi, gidan sauro da abinci, su taimaka wajen neman dangin da gudu ya raba. An ga amfaninsu a Diffa bayan hare-haren Boko Haram na 2015, da kuma lokacin ambaliyar 2024 da ta yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram. Galibi kafin su iso, maƙwabta sun riga sun buɗe ɗakunansu, kamar yadda ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓi ƴan gudun hijirar Najeriya tun 2019.

Mutane kan haɗa ta da CICR mai cibiya a Geneva. CICR ce hukumomi suka umarta ta bar Nijar a watan Fabrairun 2025. Ƙungiyar ƙasa daban take, tana nan.