Tarihin Kare Mai Cin Bashi daga Ruwa da Cajin Banki a Birnin Kudu da Gwaram

Abin da hukumomi ke nufi da kare mai cin bashi shi ne jumlar ƙa'idojin da suka iyakance abin da mai ba da rance zai ɗora a kan uwar kuɗi, suka wajabta masa bayyana sharuɗɗa tun kafin a ƙulla, suka kuma buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar kai ƙara. A Amurka yawancin waɗannan ƙa'idoji sun taso ne ta dalilin katin bashi, wanda ya fara da Diners Club a 1950 da BankAmericard a 1958, har majalisarsu ta tilasta bayyana ainihin ruwan shekara a 1968, sa'an nan a 2009 ta hana a ƙara wa mai kati ruwa sai da sanarwar kwana 45. Amma a Birnin Kudu da Gwaram, ƙananan hukumomi biyu na masarautar Dutse waɗanda suka kasance gundumomin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, katin da ke aljihun malamin makaranta ko falken kasuwar Sara galibi na cire abin da mutum ya ajiye ne, saboda haka tarihin al'amarin a nan ya bi ta rumbu da zauren alƙali tun kafin ya iso ƙofar banki.

Asalin kariyar tana cikin fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran ilimi suke karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Hukuncin da ke ciki a fili yake: duk rancen da ya jawo wa mai shi wani amfani da aka sharɗanta riba ne, riba kuwa haramun ce, ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ƙarshen Suratul Baƙara ya haɗa abubuwa uku waɗanda dokokin zamani ba su wuce su ba, watau hani ga ƙari, da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, da umurnin rubuta bashi a gaban shaidu. Malamai sun halatta cinikin salam, inda manomi zai karɓi kuɗi yanzu ya kawo hatsi da kaka, bisa sharaɗin a san mudu, a san iri, a san ajali. Haka nan sun bambanta tsakanin jinginar da ta taso daga ciniki, wadda ya halatta a sharɗanta cin moriyarta zuwa wani lokaci sananne, da wadda ta taso daga rance, wadda cin amfaninta ya koma riba. A zamanin jihadi, lokacin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano littafin Liya'ul Hukkam domin ya zama madogarar masu mulki, waɗannan hukunce-hukunce suka sami hukuma a bayansu, alƙali yana yanke shari'a, muhtasibi yana duba mudu da ma'auni a kasuwa.

Sai dai yunwar bazara ba ta jiran fatawa. Idan rumbu ya ƙare alhali gero bai nuna ba, magidanci yakan je wa mai hali cikin dare ya karɓi dami, bisa alkawarin mayar da fiye da haka da kaka, sau da yawa ninki biyu; wannan shi ake kira falle, kuma Polly Hill ta bayyana shi a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina. Tun da shari'a ba ta yarda da ƙarin ba, ba a rubuta shi, ba a kiran shaidu, kuma duka ɓangarorin biyu suna ɓoye shi, ɗaya don kunyar talauci, ɗaya don tsoron bakin malamai. A ganina nan ne tushen matsalar da ta bi wannan tarihi har yau, domin hanin da aka yi don a tsare talaka shi ne ya kore bashinsa zuwa inda idon alƙali ba ya kaiwa.

Zuwan Turawa a 1903 ya ƙara wa wannan buƙata ƙarfi. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da ake nomawa don biyan hukuma, kamfanoni kuma suka riƙa ba manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu da ke shiga ƙauyuka. Manomin da ya ci kuɗin gyaɗarsa tana cikin ƙasa ya riga ya sayar da ita a farashin da mai kuɗi ya yanka, ruwan kuwa ya ɓuya cikin ratar da ke tsakanin wannan farashi da na kasuwa. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar masu ba da rance a kan salon ta Ingila ta 1927, wadda ta wajabta lasin da rubutacciyar yarjejeniya, ta hana ruwa a kan ruwa. Amma doka ce da aka ɗinka wa akawun Ikko da mazauna Sabon Gari, ba ta da hannun da zai kai ga abin da ake ƙullawa a zaurukan ƙasar Birnin Kudu.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, kuma shekaru da dama shi ke yanke iyakar ruwan da bankuna za su karɓa. Shirin kai bankuna karkara na 1977 ya tilasta musu buɗe rassa a garuruwan da ba su da su. A 1987, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, aka saki ruwa ya bi kasuwa, kuma wannan shi ne matsayin da ya rinjaya har yanzu: hukuma tana ƙayyade caji, amma ruwan rance kansa ta bar shi ga abin da ake kira daidaitawa tsakanin banki da mai nema, ko da yake kowa ya san wanda ke da bakin magana a irin wannan zama. Lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, babu dokar da ta hana bankunan kasuwanci ɗora nasu a kai.

Wajen caji ne aka fi samun ci gaba, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya. Jadawalin cajin bankuna ya fara fitowa a 2004, aka sabunta shi a 2013 da 2017 da 2020. A 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, aka kafa sashe na musamman domin kare abokan hulɗar bankuna, wanda ke karɓar koke yana tilasta mayar da abin da aka cira ba bisa ƙa'ida ba. A Janairun wannan shekara kuma bankin Jaiz ya buɗe a Abuja da Kaduna da Kano ba tare da ruwa ba, abin da ya ba masu gudun riba mafita a cikin tsarin hukuma. Kamashon da ake cira a kan duk kuɗin da ya fita daga asusu, wanda ya kasance naira 5 a kan kowace 1,000, an rage shi zuwa 3 a 2013, zuwa 2 a 2014, zuwa 1 a 2015, da nufin ya ƙare a 2016. Shekarar na zuwa sai aka halatta wani caji da sunan kula da asusu, naira 1 a kan kowace 1,000, watau an kori abu ta ƙofa ya dawo ta taga. Jadawalin 2020 ya mayar da kuɗin kula da kati naira 50 duk wata 3 maimakon duk wata, ya sa kuɗin tura kuɗi naira 10 ko 25 ko 50 gwargwadon yawansu, ya rage cajin cirewa a injin wani banki daga naira 65 zuwa 35 bayan cira na uku a wata. Wannan rangwame na cajin cirewa ya tsaya har 1 ga Maris 2025, ranar da aka mayar da shi naira 100 a kan kowace 20,000 tun daga cira na farko, tare da ƙarin da zai iya kai 500 idan injin ba a harabar banki yake ba.

Abin da ya maye gurbin katin bashi ga matasan wannan yanki shi ne rancen waya, wanda ake samu cikin mintoci ba jingina ba shaida, da ajalin mako ɗaya ko biyu, da ruwan da idan aka lissafa shi a shekara zai ninka uwar kuɗi sau da yawa. Makamin waɗannan kamfanoni shi ne mutunci, gama sukan kwashe lambobin da ke cikin wayar mai bashi, su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa shi macuci ne. Hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, wadda dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa a madadin majalisar da aka yi wa doka tun 1992, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko cikin Maris 2022, ta wajabta musu rajista a Agustan wannan shekara, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya daga ƙarshen Mayun 2023.

A ƙauyukan da ke nesa da hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda reshen banki sai an yi tafiya, mai POS shi ne banki, kuma ladan da yake karɓa ciniki ne na baki. An ga iyakar wannan ciniki a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da tsabar kuɗi ta zama haja, mutum yana biyan wani kaso mai nauyi na kuɗinsa domin ya riƙe saura a hannu, Babban Banki yana barazanar ƙwace lasin, layi kuwa bai ragu ba. Ƙa'idar koke ta yau ita ce mutum ya rubuta wa bankinsa, ya jira mako 2, in bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa Babban Banki, wanda ke da reshe a Dutse. Rigimar falle da jinginar gona kuwa tana farawa ne a gaban mai unguwa ko dagaci, in ta gagara a kai ta kotun shari'ar Musulunci, inda alƙali zai hukunta biyan uwar bashi ya soke ƙarin.