Daga Mari Zuwa Keke Napep: Tarihin Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Darasinsa Ga Kwararafa



Duk wanda ya tashi a garin Jos ya san ranakun da ba ma son tunawa: 7 ga Satumba 2001, rikicin Nuwamba 2008, na Janairu 2010, bam ɗin Taminus na 20 ga Mayu 2014, da harin masallacin 'Yan Taya a azumin 2015. An binne mamata, an sake gina shaguna, amma ciwon da ya rage a zukata ba a cika zancensa ba. Akwai uwar da har yau ƙarar fashewar taya ke firgita ta, akwai matashin da ya faɗa shaye-shaye don barci ya ɗauke shi. Ta yaya ƙasar nan ta saba kula da irin waɗannan bayin Allah?

A zamanin Turawa, amsar ita ce kulle. Dokar 1916 ta ba hukuma ikon tsare mai taɓin hankali, ta 1958 kuma ta ɗora a kan haka. A Arewa, sau da yawa gidan yari ne makomarsa, a gida kuwa sai mari a ƙafa.

Wanda ya fara sauya wannan tunani shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya buɗe wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya dawo cikin jama'a da yamma. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki tare da su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Arewa, misali mafi kusa da halinmu shi ne Gidauniyar Neem, wato darbejiya, wadda Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta kafa a 2016 bayan ta yi aiki a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Maiduguri ta tarar da dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, waɗanda ba za su taɓa kai kansu asibiti ba, ko don kunya ko don rashin kuɗin mota. Sai gidauniyar ta sa masu ba da shawara a Keke Napep, suna bin unguwanni suna zama da mutane suna sauraronsu. Dabarar Lambo ce a sabuwar riga: a kai kulawa inda mutum yake, a gaban danginsa.

Doka ta daɗe ba ta kamo wannan tafiya ba. A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Sai a Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci.

Mu a nan muna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na JUTH. Amma likita ba zai san wanda ya kwana uku bai yi barci ba a layinmu. Maƙwabci ne zai sani, da liman, da malamar Islamiyya. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ƙungiyar unguwa na iya zama gada: ta ware asusun kuɗin mota da magani, ta gayyato ƙwararru su wayar mana da kai, ta hana yara jifan majinyaci a titi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da Jos lafiya, amin.