Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Intanet na Kebul a Summerfield da Greensboro

Wannan bayani ne ga iyalanmu mazauna Summerfield da Greensboro, a gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa, waɗanda ke da tsohuwar kwamfuta a gida suna so yara su riƙa aikin makaranta da ita. Haɗa ta da intanet na kebul ba wuya. Inda ake bukatar hattara shi ne tsaronta bayan an haɗa.

Mene ne intanet na kebul?

Shi ne wanda ke shigowa gida ta zagayayyar wayar nan ta talabijin, ba ta layin tarho ba. A yankin nan kamfanin Time Warner Cable ne ya daɗe yana samar da shi da sunan Road Runner. A 2016 kamfanin Charter ya saye shi, sunan ya koma Spectrum. Wayar tana shiga wani akwati da ake kira modem, daga nan intanet ya wuce zuwa kwamfuta.

A duba bayan kwamfuta

Akwai kafofi biyu masu kama da juna. Ƙaramar ta layin tarho ce, wadda ba ta wuce kilobit 56 a daƙiƙa, kuma ba ta da amfani a nan. Mai faɗin, RJ-45, mai siraran wayoyi takwas a ciki, ita ce kafar netwok da ake bukata. Idan babu ita, a sayi katin netwok a sa a ciki, ko adafta mai shiga kafar USB.

A sani cewa tsohon kati yana tsayawa a megabit 10 ko 100 a daƙiƙa, tsohuwar kafar USB 1.1 kuwa megabit 12. Ko nawa mutum ya biya kamfani, kwamfutar ba za ta wuce ƙarfin kafarta ba. Saboda haka kada a ƙara kuɗin wata saboda ita.

Yadda ake haɗawa

1. A ɗaura wayar kebul a modem, a tabbatar kamfani ya yi masa rajista.
2. A haɗa modem da rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, sannan rauta da kwamfuta, da igiyar netwok mai lamba Cat5e ko sama.
3. A saita kwamfuta ta karɓi lambar IP da kanta, kada a rubuta mata da hannu.
4. Idan intanet bai zo ba, a cire wutar modem na minti ɗaya, a mayar, a jira fitilunsa su tsaya, sannan a kunna rauta da kwamfuta. Modem yakan riƙe na'urar da aka fara haɗa shi da ita, sai an kashe shi yake karɓar sabuwa.

Inda haɗarin yake

Microsoft ya daina gyaran tsaron Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na gama-gari ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyara kamar gida ne da ba ƙyaure. Don haka kada a haɗa ta kai tsaye da modem, a bi ta rauta, domin tana tare masu neman kutsowa daga waje. Amma rauta ba ta hana abin da mutum ya buɗe da hannunsa.

Kada a shiga asusun banki da irin wannan kwamfuta, kada a tura kuɗi gida da ita, kada kuma a rubuta lambar Social Security ko bayanan takardun zama. Wanda ke so ya ci gaba da morar ta, ya fara kwafe hotuna da takardunsa, sannan ya sa mata Lubuntu ko Linux Mint. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma ana sabunta tsaronsu. Sai dai sababbinsu suna bukatar kwamfuta mai bit 64.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zuri'armu, amin.