Rukunin adireshin IP a kan layin DSL mai gada: yadda ake kai shi da abin da yake iya tabbatarwa

A duk lokacin da jami'an tsaro suka ce sun gano wanda ya wallafa wani rubutu ta hanyar adireshin IP, akwai tambayar da ba kasafai ake yi musu ba: ta yaya adireshin ya isa hannun mutumin, kuma me ya hana wani dabam yin amfani da shi? Amsar tana cikin tsarin da kamfanin intanet ya bi wajen raba adireshi ga masu hulɗa da shi. Layin DSL mai gada tsohuwar fasaha ce, amma babu inda matsalar ta fi fitowa fili kamar a kansa.

DSL hanya ce ta ɗora intanet a kan wayar jan ƙarfe ta tarhon gida, murya na tafiya a ƙananan mitoci, bayanai kuma a na sama. Ta bazu a Amurka da Turai da gabashin Asiya daga ƙarshen shekarun 1990. Wayar tana tashi daga modem ɗin da ke gida ko ofis zuwa wata na'ura da ake kira DSLAM a cibiyar tarho, inda ake tattara layukan unguwa a miƙa su ga babbar rautar kamfani. Rauta ita ce na'urar da ke karanta adireshin da ke jikin kowane ƙunshin bayani ta zaɓa masa hanya.

Ƙa'idar RFC 1483 ta shekarar 1993, wadda RFC 2684 ta maye gurbinta a 1999, ta tanadi hanyoyi biyu na ɗaukar bayanai a kan fasahar ATM, wadda layukan DSL na farko suka dogara da ita. A hanya ta farko, ƙunshin IP kaɗai ke bi ta layin, kuma modem ɗin da kansa yana aikin rauta. A ta biyu, modem ɗin gada ce kawai: ba ya duba adireshin IP, duk abin da ya shigo ta wannan gefe sai ya ƙetarar da shi zuwa wancan. Kamfanoni da yawa sun rungumi gadar saboda arha da sauƙin kafawa. Illarta ita ce, idan aka tara layuka da yawa a gada ɗaya, gidajen da ba su san juna ba sun zama kamar kwamfutocin da ke jone a ɗaki guda.

A irin wannan ɗaki, ana gano mai adireshi ne da ƙa'idar ARP. Rauta takan yi shela ga kowa cewa wa ke da adireshi kaza, na'urar da ta amsa ita za a riƙa miƙa wa saƙon. Ba a neman wata shaida. An tsara ARP a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwa 'yan tsiraru ne da suka yarda da juna, kuma har yau haka take.

Adireshi takwas, biyar ke aiki

Gidan da ke da kwamfuta ɗaya adireshi ɗaya ya ishe shi. Amma gidan jarida ko asibiti ko banki mai uwar garke tasa ta imel da ta shafin intanet yakan nemi rukuni. Wanda aka fi bayarwa shi ne wanda ake rubutawa /29, mai adireshi 8. Misali, daga 203.0.113.0 zuwa 203.0.113.7. Na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe na shela ne, ɗaya kuma na ƙofar fita. Saura 5.

Hanya mafi sauƙi ta kai rukunin ita ce a zube shi a kan gadar. Rautar kamfani ta riƙe adireshin ƙofa, ta riƙa yin shelar ARP ga kowane ɗaya daga cikin sauran. Wannan ya dace da wanda zai jona kwamfutocinsa kai tsaye bayan modem. Da zarar ya so ya sa katangar tsaro a tsakani, sai matsala ta taso, domin shelar ba ta ƙetare katangar, kwamfutocin da ke ciki ba za su ji ta ba balle su amsa. Dabarar da ake yi ita ce a sa katangar ta riƙa amsawa a madadinsu, abin da ake kira wakilcin ARP. Tana aiki, amma faci ne, kuma idan ta lalace gano musabbabin yana cin lokaci. Ko sauya na'ura kawai na iya katse layi, saboda rautar kamfani tana riƙe da lambar tsohuwar na'urar a ƙwaƙwalwarta; a rautocin Cisco, wa'adin mantawa na asali awa 4 ne.

Hanya ta biyu ta fi tsafta. Kamfani zai ba rautar mai hulɗa adireshi ɗaya a kan layin, sannan ya rubuta umarni a tasa rautar cewa duk saƙon da ke neman wannan rukuni a miƙa shi ga wancan adireshi ɗaya. Abin da ke bayan rautar ya zama sha'anin mai hulɗa. Sharaɗin shi ne adireshin nan ɗaya kada ya canza. Idan ana raba shi ta DHCP, watau aro na ɗan lokaci, ya kuma koma hannun wani, umarnin zai ci gaba da aika saƙonnin rukunin zuwa gidan da ba nasu ba har sai wani ma'aikaci ya lura ya gyara.

Babban haɗarin gadar da ake tarayya a kanta shi ne satar adireshi. Maƙwabci na iya sa wa kwamfutarsa adireshin wani, ya riga mai shi amsa shela, ya karɓi saƙonninsa ko ya aikata laifi da sunansa. Takardun kamfani za su nuna cewa adireshin na wane ne, alhali layin da aka yi aikin a kansa dabam ne.

Masana'antar ta toshe wannan kafa ta hanyoyi da dama. Cisco ya fito da tsarin RBE, wanda ke ɗaukar kowane layi mai gada a matsayin hanya mai zaman kanta, ta yadda shelar wani gida ba ta isa wani. Ƙa'idar PPPoE ta 1999 ta ba kamfani damar wajabta shiga da suna da kalmar sirri, kuma da ita uwar garken RADIUS ke iya ɗora hanyar rukunin a lokacin da mai hulɗa ya shiga, ta cire idan ya fita, ko da yake hakan na rage girman ƙunshi daga bayit 1500 zuwa 1492. Zaɓi na 82 na DHCP, wanda aka wallafa a 2001, yana manna lambar layin da buƙata ta fito daga gare shi. Sai kuma shawarar BCP 38 ta shekarar 2000, wadda ta ce kamfani ya jefar da duk ƙunshin da ya fito daga layi ɗauke da adireshin da ba na layin ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke aiki sai kamfani ya kunna shi.

Ƙarancin adireshi da Afirka

Dalilin da ya sa kamfanoni ke cusa jama'a a gada ɗaya shi ne tsimi. Adireshin IPv4 gaba ɗaya 4,294,967,296 ne, kuma hukumar IANA ta raba rukunanta na ƙarshe ranar 3 ga Fabrairu 2011. Ware wa kowane layi ƙaramin rukuni na /30 yana cin adireshi 4 domin na'urori 2.

Kamfanonin Najeriya da Nijar da Ghana suna karɓar nasu rabon daga AFRINIC da ke Mauritius, wadda tun Janairu 2020 ba ta ba da fiye da /22, watau adireshi 1,024, a buƙata ɗaya. Hukumar da kanta ta sha fama: binciken da ta yi ya nuna an karkatar da adireshi sama da miliyan 4, shari'arta da kamfanin Cloud Innovation ta kai ga rufe asusunta na banki a 2021, a 2023 kuma kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya.

DSL bai taɓa yin ƙarfi a Najeriya ba, domin layukan NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. Sai dai tsarin gada bai mutu tare da jan ƙarfe ba. Kamfanonin da ke kai intanet gidaje ta igiyar gilashi ko ta rediyo suna fuskantar zaɓi iri ɗaya, kuma kuskuren ma iri ɗaya ne. A wayar salula lamarin ya fi rikitarwa, saboda tsarin CGNAT na sa masu layi da yawa su fita intanet da adireshi ɗaya a lokaci guda.

Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirga da na masu hulɗa na tsawon shekara 2, su kuma miƙa su idan hukumar tsaro ta nema. Takardar da ke cewa an ware wa wane rukuni kaza ba ta nuna layin da ƙunshi ya fito ba. Kafin a danganta adireshi da layi a tsarin gada, sai an ga rajistar da ke ɗauke da lambar layin da ainihin lokacin, da shaidar cewa kamfanin yana tace adireshin bogi a ranar. A tsarin CGNAT kuma sai an ƙara da lambar tashar da aka yi amfani da ita a wannan daƙiƙa. Ko an samu duk wannan, iyakarsa layi ko katin SIM, kuma a ofis ko shagon intanet mutane da yawa ne ke zaune a bayan layi ɗaya.