Ɗankwairo a Bangon Kaset

Makaɗan Hausa ba su rubuta kiɗansu a takarda, a ka suke riƙe shi. Haka Alhaji Musa Ɗankwairo, haifaffen ƙasar Bakura, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya zauna Maradun, ya kuma shahara da waƙar Sardauna Ahmadu Bello. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, sai muryarsa ta shiga gidaje, hotonsa ya hau bangon kaset. Allah ya yi masa rasuwa a 1991.

Yau waƙoƙinsa na cikin wayoyinmu, amma bangayen nan masu hoto da sunayen waƙoƙi gara na cin su. Wajibi ne mu marubuta mu tattaro su daga akwatunan dattawa mu adana, domin 'yan baya su ga fuskar mai muryar.