Gimi da Durumin Maigarke: Majami'u Biyu da Suka Haifi Wusasa

Mu mutanen Suleja, duk abin da ya taɓa Zazzau ya taɓa mu, domin daga can Sarki Muhammadu Makau ya fito lokacin jihadi, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828. To, akwai wani ɓangaren tarihin Zazzau da ba mu cika jin sa ba.

A 1905 Likita Walter Miller, ɗan mishan na Angilikan, ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya. A unguwar Durumin Maigarke ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani da wurin ibada. Mabiyansa ba su taka kara sun karya ba, sai da jikokin Isawa suka zo. Su Isawa almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya bai wa Annabi Isa, mabiyansa suka warwatsu wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau. Wasu daga cikin zuriyarsu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi wajen 1914, da majami'arsu, da gonakinsu, da fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson.

Ashe ƙudan tsando ya riga su zama a wurin. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗibar mutane gida-gida, cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai. Waɗanda suka rayu da yawansu suka koma wajen Miller.

Can birni ma zaman bai ɗore ba. Turawan mulki, waɗanda suka yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, ba su so mishan a cikin ganuwa. Aka yi ta ja-in-ja, har a 1929 aka tattara komai zuwa Wusasa, bayan gari. Miller bai ji daɗin tashin ba ko kaɗan.

A ganina tashin alheri ya zamar musu, don a Wusasa suka samu fili. Suka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, ginin Hausa sak, ga asibiti, ga makaranta. Nan Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko na Arewa, ya taso, nan kuma Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa.